Dogo Mai Faɗin Yatsa Biyu

Mahaifina ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana zuba kwal a cikin kan jirgin ƙasa. Ba direba ba ne, kuma bai taɓa yarda a kira shi direba ba, ko da wasa. In baƙo ya yi kuskure ya ce masa haka, sai ya gyara masa a hankali: shi mai wuta ne, direba na gefe guda, shi yana ɗaya gefen da shebur. Da aka fara kawo jirage masu shan man gas, aikinsa ya ƙare, aka sallame shi, ya tattaro ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ya kuwa dawo a kan gaɓa, domin a shekarun nan na saba'in ne ruwan Tiga ya iso gonakinmu. Aka yanka hanyoyin ruwa, aka sake raba ƙasa fili-fili, mutanen da suka saba cin rani a gindin bishiya suka koma noman alkama da tumatir. Baba ya samu nasa filin, ya noma shi kamar kowa. Amma rabin hankalinsa na wajen Madobi, inda dogo ya ratsa. In iska ta juyo daga can yakan tsayar da fartanya ya kasa kunne, ya ce jirgin kudu ne ya shigo. Ni dai ban taɓa jin komai ba sai kukan kwaɗi.

A lokacin ni malamin gona ne, sabon fitowa daga makaranta, da kekena da littafina da tef ɗin awo a aljihu. Aikina in bi filaye ina gaya wa manoma tazarar da za su bari tsakanin kunya da kunya, da ranar da ruwa zai zo layinsu. Mutanen da suka fara noma tun ba a haife ni ba, su nake koya wa noma, kuma ko kunya ba na ji. Ga ji da kai, ga saurin fushi. Na farkon, shekaru sun rage mini shi, na biyun kam har yau muna tare.

A bayan ɗakin Baba, tsakanin rumbu da katanga, akwai wani ɗan fili da ya share ya daɓe da kansa. A nan ya shimfiɗa nasa dogon. Da siririn ƙarfen nan na ɗaure dilolin auduga ya yi shi. Ya yayyanka 'yan guntayen katako kamar tsawon ɗan yatsa, kowanne ya yi masa tsaga biyu da zarto, ya tsayar da ƙarfen a cikin tsagar, ya jera su a ƙasa har suka zagaye rumbun suka dawo. Akwai gada a kan kwatar da ruwan alwala ke bi, akwai tasha ta gwangwanin madara, taragu kuwa gwangwanayen kifi ne masu ƙafafun murfin kwalba. Maƙwabta sun yi ta yi masa dariya, suna cewa tsufa ya mayar da shi yarinta. Sai ya ce musu ai gara nasa wasan, su da suke wuni a kan dara har a kusa doke juna.

Kan jirgin da ke jan taragun wani ɗan ƙarami ne mai wani, irin na agogo, wanda wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Don shi aka yi dogon, da awonsa. Wata damina sifirin ɗin cikinsa, ƙarfen nan da ke naɗewa in an yi wani, ya tsinke. Baba ya kai wa mai gyaran keke a Kura, shi kuwa ya buɗe shi da ƙarfin hali, haƙoran ciki suka watse a ƙasa, wasu ba a sake ganinsu ba. Tun daga nan dogon ya zauna ba jirgi. Duk da haka kullum da safe sai Baba ya share shi da 'yar tsintsiya.

A farkon ranin da nake ba da labari na kai shi asibitin ido a Kano, saboda ya fara tuntuɓe da abubuwan da ke gefensa. Likitan ya daɗe yana haska shi, sannan ya juyo gare ni ya yi mini bayani da Turanci. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Ciwo ne da ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, kuma ya riga ya ci da yawa. Maganin ɗigawa zai ɗan ja lokaci, amma da wuya abin da ya rage ya kai damina. Na juya wa Baba da Hausa, na rage, na ce an ce ya riƙa sa magani, sauƙi sai a hankali. Ya ce, "To, Allah ya sa." Sai bayan shekaru na tuna cewa mutumin da ya yi shekara ashirin yana karɓar umarni da Turanci a kan jirgi ba ya buƙatar tafinta.

A hanyarmu ta dawowa na ƙulla abu ɗaya a raina. Ba zan iya mayar masa da idonsa ba, amma kafin ya rufe sai ya ga jirgi yana zagaya rumbun nan. Ban gaya wa kowa dalili ba. Na same shi da la'asar a bakin dogon, na ce zan shiga Kano ranar Asabar, ina so in nemo masa wani kan jirgin.

Na zaci zai ƙi. Sai ya ce, "In za ka yi, to ka yi shi daidai. Zauna, malamin gona." Haka yake kirana in yana so ya tsokane ni.

Na zauna a kan turmi.

"Kar ka sayi na roba. Rana ɗaya ta bazara ta ishe shi ya lanƙwashe. Kar ka sayi mai batir, batir baƙo ne, ba ka san ranar da zai ce zai tafi ba. Mai wani za ka nema. Ka ɗora shi a tafin hannu, in ka ji shi shafal, ajiye musu kayansu. Kan jirgi nauyinsa ne ke riƙe shi a kan dogo, shi ne kuma ƙarfin jansa. Sannan ka yi masa wani ka kai shi kunne. In yana tafiya da murya ɗaya, lafiyarsa ƙalau. In yana yi yana sarƙewa kamar mai tari, haƙora sun cinye. Ka sa a ɗaura masa wani abu ya ja ka gani, don jirgin da ba ya ja ai ado ne."

Na ce, "Tsada fa, Baba?"

"Kar ka bi tsada, kar kuma araha ta ruɗe ka. Wanda za mu iya buɗewa mu gyara da hannunmu, shi ne mai araha."

"Faɗin ƙafafun kuma?"

Ya sunkuya ya sa manuniya da na tsakiya a tsakanin ƙarafan dogon, suka shiga cif. Ya ce, "Yatsa biyu."

Inna na tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta gaya wa iska, ni kuma in tsinta. Ta ce, "A karya masa tsinke mana, kamar na takalmin Sallah." Haka ake yi mana muna yara: a gwada ƙafa da tsinken tsintsiya, a karya daidai tsawonta, a ba mai zuwa kasuwa ya zura a cikin takalmi. Raina ya ɓaci. Ni da ke auna eka-eka ta gwamnati, ni za a ba tsinke? Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, yatsa biyu kuma ai ba lissafin da zai gagare ni ba ne. Abin haushin shi ne tef ɗin na aljihuna a lokacin, ban ciro shi ba. Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Asabar na hau a-kori-kurar masu tumatir, na zauna a kan kwando har Kano, na sauka da jan tambari a bayan riga. Na fara da wani babban kanti mai sanyi, inda ake jera kayan wasan 'ya'yan Turawa a cikin gilas. Akwai wani jirgi da aka kunna yana ta zagaye shi kaɗai, da tsaunuka da bishiyoyi na ƙarya, amma da wutar lantarki yake aiki, mu kuwa a garinmu ko turken waya ba a kafa ba. Akwai wani mai batir, yana kuka, yana fitar da hayaƙi. Wallahi ya shiga raina, na riga na hango Baba yana dariya. Na ce a ciro mini. Da na ɗora shi a hannu sai na ji shi kamar ɓawon gyaɗa. Na mayar. Na sa aka ciro wani, shi ma na mayar. Ma'aikacin kantin ya fara gajiya da ni, ya ce, "Wai shekarar yaron nawa ne?" Na ce ya haura sittin. Ya dube ni, ya dubi tambarin tumatir ɗin rigata, sai ya yi dariya ya ce irin wanda nake nema an daina kawo shi, amma in gwada wani mai gyaran agogo a Sabon Gari da ke sayen kayan Turawa masu barin gari.

Na sha yawo kafin in same shi. Wani dattijo ne a ƙarƙashin rumfar kwano, da ɗan gilashi a maƙale a ido ɗaya. Na faɗa masa buƙatata, bai ko yi mamaki ba. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya ture cokula da dutsen guga da wata matacciyar rediyo, ya ciro kan jirgi biyu. Ɗaya babba ne, kyakkyawa, ko ƙwarzane babu. Ɗayan ƙarami, duk ya kakkarce, bututun hayaƙinsa ya ɗan karkace.

Babban na fara ɗauka, ba sai na faɗa ba. Na yi masa wani na kai kunne. Ya fara da kyau, sai ya sarƙe, ya saki, ya sake sarƙewa. Na ajiye shi ina jin haushi. Ƙaramin kuwa da na ɗaga shi sai da hannuna ya ɗan yi ƙasa. Muryarsa ɗaya tun daga farko har wanin ya ƙare, sirrr, ba gargada. Na ce a ɗaura masa wani abu. Dattijon ya ɗauko kwaɗon rufe rumfarsa ya ɗaura da zare, jirgin ya ja shi daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Ya juya shi ya nuna mini cikinsa: noti huɗu kawai za ka kwance ka ga komai. Ya ce, "Wanda ya aiko ka ya san abu." Na ce ni ma ai na sani. Ya ce, "To."

Akwai wani guntun dogo nasa, bai fi taƙi ɗaya ba, wanda aka zo da shi tare. Na sa yatsuna biyu a tsakanin ƙarafan, manuniya da na tsakiya, suka shiga cif kamar don su aka yi. Muka yi ciniki, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sallama. Bai yi mini tsada ba. Na naɗe shi da guntun dogon a hankici na sa a aljihun gaba, ina dafe da shi har gida.

Na iso bayan la'asar. Baba na zaune a kan buzunsa a bakin dogon. Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa abin a hannu. Ya auna shi a tafi, ya shafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya laluba makullin ya yi masa wani, ya kai kunne. Bai sauke ba sai da ya tsaya. Sannan ya ce, "Wannan kan jirgi ne." Baba ba mai yabo ba ne. Ranar da na kawo takardar gama makaranta cewa ya yi in ajiye ta inda gara ba za ta ci ba. Saboda haka na ji maganar nan har cikin ƙashina, na shiga ba shi labarin babban mai tari da yadda na ƙi shi.

Ya sake yi masa wani, ya ɗora shi a kan dogo, ya saki. Jirgin bai je ko'ina ba. Ƙafafun gefe ɗaya suka zame suka faɗa tsakanin ƙarafan, ya kwanta a karkace yana kartar katako har wanin ya ƙare.

Nan take na hau faɗa. Na ce mai agogon nan ya cuce ni, ya sauya mini, na gwada da hannuna a gabansa, yatsa biyu cif. Baba ya bari na gama. Ya ce, "Kawo hannunka." Ya kama yatsuna biyu ya sa su a tsakanin ƙarafan dogonsa. Sai ga sarari ya rage a gefe, wanda fensir zai shige. Ya cire nawa ya sa nasa, suka cike wurin. Yatsun Baba shebur ne ya yi su, kaurinsu kamar saiwar rogo. Nawa kuwa ba su taɓa daɗewa da riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Duk tsawon rayuwata ina ganin hannun nan, ban taɓa gwada shi da nawa ba.

Daga ƙofar ɗaki Inna ta gaya wa iska, "Tsinke dai ba ya ƙarya."

Kunya ta rufe ni. Na ce gobe da sassafe zan koma in sauya da babban, ƙila shi ya yi daidai. Baba ya ce, "Mai tarin? Ba a mayar da kan jirgi mai lafiya saboda dogo. Dogon ake gyarawa ya bi shi."

Gyaran kuwa ba ƙarami ba ne. Sai an zare ƙarfen ciki gaba ɗaya, a yi wa kowane katako sabuwar tsaga, a mayar. Katakan sun haura ɗari uku. Na ce bari in kira kafinta, in auna masa da tef, kwana biyu ya gama. Baba ya ce a'a. Na ce to mu yi awon da guntun dogon da na zo da shi. Ya ce a'a, dogon nan da hannu aka yi shi, da hannu za a gyara shi, kuma tun da da yatsuna aka sayo jirgin, da su za a auna masa hanya.

Haka muka fara. Kullum in na taso daga filaye, in yi sallar la'asar, in zo in tsuguna a gabansa. In jingina yatsuna biyu a jikin ƙarfen waje, shi kuma ya laluba gefensu ya ja layi da ƙusa, in janye hannu, ya yi tsagar da ɗan zartonsa, ya busa garin katakon, ya shafa da babban yatsa. Sannan mu matsa gaba. In mun yi goma a wuni mun yi ƙoƙari. Ranar da ruwa ya zo layinmu ba ma yi, ranar Juma'a ma ba ma yi.

A bakin aikin nan ne na ji labaran da ban taɓa ji ba. Ina yaro Baba kullum yana kan hanya, na fi sanin akwatinsa na ƙarfe da zamansa. Yanzu sai ga shi yana gaya mini yadda ake soya ƙwai a kan shebur a bakin wuta, da wani hawa a hanyar kudu inda sai an zuba wa dogo yashi in an yi ruwa, da wani direba da ba ya yi wa kowa magana sai jirginsa. Ya ce mai wuta na kirki ba ya jiran a ce masa zuba, daga numfashin jirgin yake sanin an kusa hawa. Ina jin daɗin labaran, amma hankalina ba a kwance yake ba. Ina ganin yadda yake laluben buta tana gabansa. Ya daina zuwa gona, ya bar wa ƙanensa. Alkama ta yi kai, ta fara ja, mu kuwa ko rabin rumbu ba mu zagaye ba.

Wata rana aka yi rasuwa a Bunkure, aka tafi da shi gaisuwa. Na ce yau ne. Na ɗauko tef da zarto, na zauna ni kaɗai, na yi tsaga wajen talatin kafin ya dawo, kowacce daidai da 'yar'uwarta, ko gashi ba bambanci. Wurin kuwa kwana ce, inda dogo ya karya zai bi bayan rumbu. Kashegari ya zauna, ya kai hannu inda muka tsaya, ya bi sababbin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

Ya ce, "Wannan ba hannunka ba ne."

Na ce tef ne, kuma ya fi hannu daidai.

"Ya fi shi daidai, shi ne matsalar. A kwana ana ɗan saki. In ka matse jirgi a kwana kamar yadda ka matse shi a miƙe, ƙafafunsa za su cije, ko ya hau ƙarfe ya faɗi. Ba ka lura in mun zo karkata nakan ɗan buɗa maka yatsu ba? Sai mun sake waɗannan."

Nan fushina ya taso. Na ce, "Baba, a wannan tafiyar sai damina ta same mu a nan."

Ya ce, "To, damina ba ranar Allah ba ce?"

Saura kaɗan in faɗa masa abin da likita ya ce. Maganar ta zo har bakina. Na tashi na fita ba sallama, abin da ban taɓa yi masa ba. Na je bakin babbar hanyar ruwa na zauna. Wani Bafulatani ya kawo shanunsa suna sha, na yi ta kallonsu har suka gama suka haye. Ba Baba nake jin haushi ba, kaina nake ji, don da na karɓi tsinken nan da tuni jirgi ya yi wata yana gudu. Da rana ta yi sanyi na koma. Na same shi inda na bar shi, ƙusar na hannunsa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai. Nan muka tsaya." Na miƙa yatsuna, ya ɗan buɗa su da nasa, ya ja layi.

Daga ranar ban sake yi masa gaggawa da baki ba, amma na riƙa gudowa daga aiki da wuri, na daina tsayawa hira a kasuwar Kura. Baba ya matse ƙafafun taragun su ma, ya sa Inna ta tara masa sababbin murafan kwalba. Aka yanke alkama, aka sussuke, zafi ya sauko sosai. Ranar wata Laraba muka yi katako na ƙarshe a bakin gada, ya danna ƙarfen ya shiga, ya bi haɗin da yatsa ya ce ya yi.

Shi ya yi wa jirgin wani da kansa. Ya rataya masa taragu uku, ya ɗora shi, ya saki. Jirgin ya tashi sumul. Ya wuce tashar gwangwani, ya hau gada muryarsa ta sauya, ya shiga kwana bai ko girgiza ba, ya ɓace a bayan rumbu, ya ɓullo ta ɗaya gefen da taragunsa suna ƙwaram-ƙwaram a baya. Inna ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya da ludayi a hannu. Ni ba jirgin nake kallo ba, fuskar Baba nake kallo. Kansa na bin jirgin duk inda ya yi, yana murmushi. Wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na ce a raina mun riga damina, mun riga ciwon nan.

Sau uku ya zagaya, sannan ya rage gudu ya tsaya dab da gwiwar Baba. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ka gan shi."

Ya kai hannu ya laluba har ya taɓa shi. Ya ɗauke shi ya riƙe a cinya. Can ya ce, "Wai wane launi ne?"

Na tsaya ina kallon idanunsa.

Ya ce, "Tun ranar da ka kawo shi nake so in tambaye ka. Na ji kana murna, sai na bari."

Tun ranar da na kawo shi. Wata biyu da 'yan kwanaki ina tsugune a gabansa ina gaggawar tare abin da tuni ya wuce, shi kuma ya sani, ya bar ni da saurina, yana riƙe da yatsuna kullum la'asar. Hawaye suka zubo mini, ban goge ba, tun da ba zai gani ba. Inna ta juya ta koma madafa.

Na ce, "Kore ne, Baba."

"Kore shar, ko mai duhu?"

"Mai duhu. Da jan layi a gefe."

Ya jinjina kai ya ce, "To, ba laifi. Namu duk baƙaƙe ne." Ya shafa gefen jirgin a hankali, wajen da layin yake. Sannan ya laluba makullin ya fara yi masa wani, ya ce in gyara zama, ƙafata na kan dogo.